Riƙon Tsoho Mai Gigin Tsufa Abin Koyo Ne, Mu Shirya Aji

Karatu: Farawa 9:18-27, Fitowa 18:13-23, 1 Timoti 5:3-8



Idan aka ce a kawo sunayen masu hidima a ikilisiya, za a kawo mawaƙa, da malaman makarantar Lahadi, da masu karɓar baƙi, da ma'aji. Ba wanda zai kawo sunan matar da ta kwana uku ba ta runtsa ba, domin surukarta tana tashi da ƙarfe biyun dare ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gida, alhali kuwa a gidan take. Ba wanda zai kawo sunan yarinya ƴar shekara goma sha biyar da ta daina zuwa makaranta domin ba a iya barin Kaka ita kaɗai kusa da murhu. Waɗannan mutane suna cikinmu, a nan Wurogauri da Kalgo, da Diggi, da Birnin Kebbi, har can Zuru da Yawuri inda da yawa daga cikinmu suka fito. Aikin da ya fi kowane nauyi a gida shi ne a kansu, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu ko abu ɗaya game da shi.

Mu a ganinmu wannan jinya abin koyo ce, kamar yadda ake koyon ɗinki ko ungozomanci, kuma ikilisiya ce ta fi cancanta ta shirya koyarwar. Ba daga gare mu maganar ta faro ba. Sa'ad da manzo Bulus yake ba Timoti umarni a kan gwauraye, bai tsaya ga cewa ƴaƴa su kula da iyayensu ba. Ya ambaci ƴaƴa da jikoki, ya kuma yi amfani da kalmar koyo, wadda a Helenanci tushenta ɗaya da kalmar almajiri. Wato riƙon tsohuwa a gida darasi ne na almajiranci, jikoki ma suna cikin ajin. Ƙauna tana sa mutum ya zauna kusa da mara lafiya, amma ba ta gaya masa abin da zai yi idan tsohon ya ƙi wanka, ko ya ɗaga sanda, ko ya ce an sace masa kuɗi.

Sunan da muka sa wa abin ma yana ruɗinmu. Muna cewa gigin tsufa, ko mu ce wane ya koma yaro, sai a ɗauka duk wanda ya yi nisan kwana haka zai zama. Ku duba Barzillai a 2 Sama'ila 19. Yana da shekara tamanin, ɗanɗano ya tafi, kunne ba ya jin muryar mawaƙa, amma ya tsaya gaban sarki Dawuda ya kawo hujja mai kyau a kan dalilin da ba zai bi shi Urushalima ba, har ya shirya wa Kimham makoma. Tsufa ke nan. Abin da muke magana a kai kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci suna kiransa cutar mantuwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke mutuwa kaɗan-kaɗan, su tafi da tunanin abin da ya faru ɗazu, da sanin hanya, da sanin fuskoki, da linzamin baki. Wani lokaci hawan jini, ko ciwon sukari, ko shanyewar ɓarin jiki ne ke lalata jijiyoyin da suke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Mafi yawa kuwa irin wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana ne a 1906. Matar da ya yi bayani a kanta, Auguste Deter, tana da shekara 51 aka kai ta asibiti a Farankfot a 1901. Tana zargin mijinta, tana ɓoye kaya a cikin gida, tana ihu cewa za a kashe ta. Duk wanda ya yi jinyar irin wannan a Kalgo zai ce ai tsohuwarmu ake faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici irin tamu. A Ibadan an fara bincike a kansa tare da likitocin Amurka a 1992. A Zariya, wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan tsofaffi 322 ya sami kusan uku cikin ɗari suna da shi. Adadin kamar kaɗan ne, sai dai bayan kowane mutum ɗaya akwai gida guda da barci ya ƙaurace wa.

Yanzu ga maganar da ba a son faɗa a fili. Tsohuwa tana yawo da dare, tana magana ita kaɗai, tana kiran sunayen matattu, wata rana a same ta a ƙofar maƙwabci ba zane. Idan kuma aka yi rashin sa'a yaro ya kwanta ciwo a unguwar, kowa ya san kalmar da za ta fito: mayya. Za a ce ai ta amsa da bakinta. Ƴan'uwa, mutumin da bai san ranar da ake ciki ba, idan taro ya kewaye shi ana tambaya da tsawa, zai amsa ko me aka ce masa. Wani ma ƙwaƙwalwarsa za ta ƙirƙiro labari ta cike gurbin abin da ya ɓace, shi kuma ya gaskata. A watan Yulin 2020, a garin Kafaba da ke arewacin Gana, an yi wa wata tsohuwa ƴar shekara 90, Akua Denteh, dūka har ta mutu a gaban jama'a, bayan wata boka ta nuna ta da maita. Ana dukanta wasu suna ɗauka da waya. A 2023 kotu ta ɗaure mata biyu shekara goma sha biyu-biyu. A Najeriya ma dokokin laifuka, na Arewa da na Kudu, sun haramta jifan mutum da zargin maita. Duk da haka waɗanda ake nunawa kusan kullum iri ɗaya ne: tsohuwa, gwauruwa, matalauciya, wadda hankalinta ya fara gushewa.

Abin baƙin ciki, wani lokaci da sunan addu'a ake yin cutar. A kira wani mai cewa shi annabi ne, a kewaye tsohuwa da ihu, a danne ta, a sa mata azumin kwana uku, ita da ke da ciwon sukari. Mun gaskata da addu'a, kuma Yakubu ya umarci dattawa su je su yi wa mara lafiya addu'a. Amma a Yahaya 9, sa'ad da almajirai suka so su san zunubin wa ya jawo makanta, Ubangiji ya rufe wannan ƙofa, ya juya ga taimakon mutumin. Addu'ar da ta dace da mai cutar mantuwa gajera ce, cikin murya mai taushi, mutum ɗaya ko biyu, a riƙe hannunsa. Taro da tsawa firgita shi suke yi, idan ya firgita ya yi faɗa, sai a ce ga shi aljanin ya tashi.

To me za a koya a ajin? Tushen duka abu ɗaya ne: halin da ya dame mu yana da sanadi, tsohon kuwa ya rasa kalmomin da zai faɗa mana. Saboda haka mai jinya sai ya zama mai bin sawu. A sami littafin rubutu na ƴan makaranta, a yi mako guda ana rubuta lokacin da rikicin ya tashi, da abin da ya faru kafin nan, da wanda ke wurin, da abin da aka yi har ya lafa. Sau da yawa kafin mako ya ƙare amsar ta fito da kanta. Baba yana faɗa kullum da hantsi ashe fitsari ne ke matsa masa, ya kuwa manta hanyar makewayi. Mama tana ƙin tuwo ashe haƙori ne ke ciwo. Wani ya kwana huɗu bai yi bayan gida ba. Wani ƙishirwa ce, don tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, ga shi zafin Maris zuwa Mayu a ƙasar Kabi yana haura digiri 40. Wannan rubutu aikin matasa ne. Uwarku da ke daka da wanki ba ta da hannun riƙe biro.

Ku ɗauki zargin sata, wanda ya raba aure fiye da yadda muke zato. Mama ta ƙulle kuɗinta a bakin zane, ko ta tura ƙarƙashin tabarma, ta manta. Ƙwaƙwalwarta ba za ta ce mata kin manta ba, sai ta ce an ɗauka, wadda ta fi kusa kuwa ita ce matar ɗa. Matar ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta kira shaidu, duk a banza, don ba a cin gardama da ciwo. Abin da ke aiki shi ne a ce, “Ayya Mama, kuɗinki sun ɓace? Zo mu nema tare.” A san wuraren ɓuyanta, don yawanci biyu ne ko uku. A duba shara kafin a zubar. A bar mata ƴan canji a jaka, manyan kuɗi da takardun fili ko na fansho a adana su da sanin ƴaƴa duka. Akwai kuma gargaɗi ga dangi masu zuwa Kirsimeti daga Kaduna ko Abuja. Mai wannan ciwo yakan iya gaisuwa tsaf na awa ɗaya, don gaisuwa ta daɗe a bakinsa. Sai baƙi su ce ai Mama lafiyarta ƙalau, matar nan ce muguwa, su hau mota su tafi. Wanda bai kwana a gidan ba kada ya yanke hukunci, miji kuma ya tsaya wa matarsa a gaban ƴan'uwansa.

Sai rikicin almuru. Da yawa cikin masu ciwon suna ruɗewa idan rana ta kusa faɗuwa. A gidajenmu kuwa lokacin ne hayaniya ta fi yawa: ana girki, yara suna dawowa, awaki suna shigowa, haske yana raguwa, inuwa tana zama kamar mutum. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana ɗora tukunya a daidai wannan lokaci, jikinta yana gaya mata akwai aikin da ke jiranta. Sai ta miƙe ta ce za ta tafi gida. Kada a ce mata nan ne gidanki. Gidan da take nufi wataƙila na ubanta ne da ya rushe tun kafin a haife ku. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage rediyo, a ba ta aikin da hannunta ya sani, tsintar wake, ko ɓarar gyaɗa, ko tsinke zogale. Ko ba ta yi daidai ba a karɓa a yi godiya. Idan ta nace sai ta fita, jika ya ce, “Kaka, bari in raka ki,” su zaga unguwa su dawo, a tarbe ta da sannu da zuwa da ruwa a kofi.

Kulle tsoho a ɗaki shi kaɗai, ko ɗaure masa ƙafa da igiya, ba jinya ba ce, ko da wanda ya yi ya yi ne don tsoro. Tsoron kuwa na gaskiya ne: ga rijiyoyi, ga fadama cike da ruwa da damina, ga manyan motoci a hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega. Akwai dabarun da suka fi igiya. A rufe bakin rijiya. A rataya ƙararrawa ko gwangwanaye a ƙofar gida, don a ji idan an buɗe da dare. A ɗinka lambar waya a cikin riga. A sa shi tafiya da rana, a rage masa dogon barcin rana, a hana shi goro da shayi da yamma. Mafi girma duka, a daina ɓoyewa. A je a gaya wa mai unguwa, da mai shayi na bakin hanya, da ƴan kabu-kabu, cewa idan sun ga Baba shi kaɗai su riƙe shi da hira su kira. Maƙwabtanmu Musulmi sun san girman hakkin iyaye, ba kuma za su ƙi wannan roƙo ba. Unguwar da aka gaya wa ciwo ne tun da wuri, da wuya ta ce maita daga baya.

Wanka shi ne inda aka fi yin kokawa, a nan kuma labarin Nuhu yake koya mana. Sanadin tsiraicin Nuhu dabam ne, ruwan inabi ne, amma abin da ƴaƴansa suka yi shi ne darasin. Ham ya gani ya fita ya baza. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka yi tafiya da baya, suka rufe ubansu ba tare da sun kalla ba. Ku lura, sai da suka yi shiri: wa zai riƙe wane gefe, ta ina za a shiga. Mutunci yana bukatar dabara. Dattijon da ya yi shekara saba'in ba wanda ya ga jikinsa, yau wani da bai gane ba yana tuɓe masa riga, dole ya kai duka. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, idan da hali. A ɗumama ruwa, musamman da hunturu. A bar zane a jikinsa, a wanke sashe ɗaya a rufe kafin a buɗe wani. A ba shi soso ya riƙe, a riƙa faɗa masa abin da za a yi kafin a yi. Idan ya ƙi, a bari, a dawo bayan rabin awa kamar ba a taɓa tambaya ba, don mantuwar tasa a nan taimako ce. Ham na zamaninmu kuwa yana da waya a hannu. Duk matashin da ya ɗauki kakarsa tana sambatu ya tura a WhatsApp ko TikTok don a yi dariya, ya san a gefen wane ɗa ya tsaya.

Akwai tambayar da ta fi damun masu bi na ƙwarai, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Mama ta ce, “Ina Babanku? Bai dawo daga gona ba?” Shi kuwa ya rasu shekara takwas. Idan an ce ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi mutuwar, bayan awa ɗaya ta sake tambaya. Idan an ce yana hanya, an yi ƙarya. Wasu masana jinya sun yarda a yi ƴar ƙarya don tausayi. Mu ba mu ba da shawarar a mai da ita hanya ba, saboda dalili biyu. Na ɗaya, harshen da ya saba da ƙarya a ɗakin Mama ba zai tsaya a ɗakin ba. Na biyu, ba ta ma aiki sosai: ka ce yana zuwa, sai ta ɗauki kujera ta zauna a ƙofa tana jira har dare. Amma ba mu ga inda Littafi Mai Tsarki ya wajabta a yi wa gwauruwa sanarwar mutuwar mijinta sau goma a yini ba. Faɗar gaskiya dabam, jifan mutum da ita dabam. Bulus ya haɗa gaskiya da ƙauna wuri ɗaya a Afisawa 4. Tambayar Mama sau da yawa ba ta neman labari ba ce, kewa ce ko tsoro. Sai a amsa wannan: “Kina kewarsa ko, Mama? Wace gona ya fi so? Ba ni labarin ranar da aka kawo ki gidan nan.” Babu ƙarya a ciki, kuma za ka ga fuskarta ta saki. Idan kuwa ta dube ka ido da ido ta ce, “Ya mutu ne?” to ka ce i, cikin taushi, ka zauna da ita har kukan ya wuce.

Wani abin da ke ba iyalai mamaki shi ne harshe. Tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana Hausa a kasuwar Kalgo, sai ta koma Dakarci, ko Kambarci, ko Dukkanci, harshen da aka yi mata reno da shi. Abin da ya fara shiga shi ne yake ƙarshen fita. Jikokin da aka haifa a nan ba sa ji, sai su ce tana yin wani harshe na ban tsoro. A nemo wanda ke jin yaren a ikilisiya ya riƙa zuwa hira, matasa kuma su koyi ko da gaisuwa da kalmomin ruwa, abinci, zafi, makewayi. Haka waƙa take. Mutumin da ya manta sunan ɗansa yakan iya rera waƙar sujada da ya koya yana saurayi daga farko har ƙarshe. Mawaƙanmu suna kwana suna koyon sababbin waƙoƙi da jita. Su ware mutum biyu su koyi tsofaffin da ke cikin Littafin Waƙoƙi, su je su rera a tsakar gida da la'asar, ba ganga, ba lasifika.

Ga kuma abin da ke sa ƴaƴa kuka a ɓoye. Baba dattijon ikilisiya ne, bai taɓa ashar ba, yau yana zagi, ko yana yi wa matar ɗansa maganar da ba ta dace ba, ko ya ce bai san wani Yesu ba. Sai a fara raɗa cewa ashe dā ma munafunci ne, yanzu ainihinsa ya fito. Wannan ba daidai ba ne a likitance, ba daidai ba ne a tauhidi. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da linzami, idan ya lalace kalmomin da kunne ya taɓa ji a tasha sai su fito ba mai tarewa. Ainihin Baba shi ne mutumin da ya riƙe linzamin nan shekara sittin. Cetonsa kuwa bai rataya ga ƙarfin tunaninsa ba. Bulus ya jera abubuwan da ba za su iya raba mu da ƙaunar Allah ba a ƙarshen Romawa 8, har ya haɗa da kowace halitta, ciwon ƙwaƙwalwa kuwa bai fita daga ciki ba. Saboda haka a ci gaba da kai masa Jibin Ubangiji a gida muddin yana iya haɗiya, a kuma kiyaye matar ɗan da ƴanmatan gidan: namiji ya karɓi hidimar jikinsa, kada a bar su su kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsu.

Ajin zai kuma koya lokacin da za a bar dabarun gida a nemi asibiti. Cutar mantuwa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya, cikin yini ko kwana biyu, ko barci ya yi masa yawa, a yi zaton zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko sukari, ko jini a ka bayan faɗuwa. Wannan na gaggawa ne, kuma sau da yawa yana warkewa. Ko mai tafiya a hankali ma a kai shi likita ya duba, don baƙin ciki mai tsanani, da ciwon maƙoƙo, da ƙarancin wasu sinadarai a jini suna iya kama da shi, su kuwa suna da magani. Akwai babban asibiti a Kalgo, akwai Asibitin Sir Yahaya da na tarayya a Birnin Kebbi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. A tafi da littafin nan na rubutu, zai yi wa likita amfani fiye da dogon bayani. Abin da za a guje shi ne sayen maganin barci a kemis don Baba ya bar mutane su huta. Irin waɗannan ƙwayoyi suna ƙara ruɗewa da faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga tsoho sau da yawa ita ce ke kwantar da shi har ƙarshe. Ko magungunan tabin hankali da likita ke rubutawa, tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo. Suna da wurinsu, amma a hannun likita, bayan an gwada sauran hanyoyi. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon, duk mai tallan gora ko kwalba da ya ce yana da shi, kuɗinku yake so.

Wani zai ce, iyayenmu sun riƙe tsofaffinsu ba tare da wani aji ba. Gaskiya ne, amma a gandu suka riƙe su, gida mai mata biyar da jikoki ashirin, ana karɓa-karɓa ba tare da an ma lura ba. Yau malamin makaranta ne da matarsa a ɗaki biyu na haya, nesa da dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na sa'o'in wannan jinya mata ne ke yi, mu ma idanunmu sun gaya mana haka. Yetro ya ga Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, bai yabe shi ba, ya ce masa zai gaji ya gajiyar da jama'a, ya sa shi ya raba aikin. Mai jinyar da ba ta barci, wata rana za ta ɗaga hannu ta mari tsohuwar da take ƙauna, ta kuma ɗauki wannan laifi a zuciya har kabari. Kafin a yi mata wa'azin haƙuri, a ba ta awa uku ta kwanta. Iliya ma da ya gaji har ya roƙi mutuwa, barci da abinci aka fara ba shi.

An gwada abin da muke faɗa a wurin da ya yi kama da namu. A jihar Gowa ta Indiya, Dokta Amit Dias da abokan aikinsa sun ɗauki mutanen gari waɗanda ba likitoci ba, suka ba su ɗan gajeren horo, suka tura su gidaje suna koya wa masu jinya, likita yana duba aikinsu. Iyalai 81 ne suka shiga, aka wallafa sakamakon a 2008. Ciwon tsofaffin bai tafi ba. Abin da ya ragu a fili shi ne damuwar masu jinya da yadda halayen nan ke tayar musu da hankali. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koyar da masu jinya mai suna iSupport, kyauta a intanet, kashi biyar, na ƙarshensa duk a kan sauyin hali ne. Muna da ma'aikatan jinya da malaman asibiti a cikin ikilisiya, muna da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da za su iya karanta shi su mayar da Hausa. Kuɗin da ake bukata bai kai na rigunan taron matasa na shekara ba.

Matasa, ku sake karanta Markus 7. Ubangiji ya tsauta wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Ba kuɗi kaɗai ake keɓewa haka ba, har da lokaci. Saurayin da ba ya fashin koyon waƙa, da kwanan addu'a, da zangon matasa, amma bai taɓa karɓar uwarsa ko na yini ɗaya a jinyar kakarsa ba, ya binciki kansa da wannan sura.

Abin da muke roƙon shugabannin zumunta su kai gaban dattawa shi ne a ba mu Asabar shida a jere, awa biyu-biyu, ma'aikacin lafiya ya jagoranta, zumuntar mata da ta maza su turo masu jinyarsu, a kuma buɗe ƙofa ga maƙwabta ko na wane addini ne. A ranakun ajin, matasa biyu-biyu su je su zauna da tsofaffin, in ba haka ba waɗanda aka shirya ajin dominsu ba za su iya fitowa ba. Mutanen da suka fara zuwa wani gida su ci gaba da zuwa gidan, don baƙuwar fuska kowane mako tana tayar wa mara lafiya da hankali. Ranar 21 ga Satumba ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya, ta dace da buɗe ajin. Wanda yake da irin wannan tsoho a gida, ko yake shirye ya ba da awa biyu a mako, ya ba sakataren zumunta sunansa bayan sujada. Sunayen gidajen za su tsaya a hannun fasto da sakatare kaɗai.